Ƙayar da Ta Sami Aminin Baba

Gidanmu gidan maharba ne, ni kuwa sai na tashi na zama tela. Baba bai taɓa yafe mini wannan gaba ɗaya ba, ko da yake tun da na buɗe shago duk wandon da ya sa ni na ɗinka, kuma ban taɓa jin ya ce ya matse shi ba. In baƙi suka zo yana nuna musu 'ya'yansa, yakan fara da ƙanina, autan gidanmu, ya ce wannan shi ya ɗauko gado. In ya zo kaina sai ya ce, "Wanga ma shina harbi, amma da allura."

Baba shi ne Sarkin Baka na ɓangarenmu, wato shugaban maharban 'yan ƙauyukan da ke kewaye da Mairuwa. Shagona yana bakin hanya, da benci a gaba ƙarƙashin dalbejiya. Da hantsi tsofaffin maharba ke zama a kai, da la'asar samari su karɓa. Ina ciki ina taka keke, kowane ɓangare yana yanka ɗayan, kowanne kuma sai ya leƙo ya ce, "Ko ba haka ba, tela?" Da yake duka biyun suna kawo mini ɗinki, kowa haka ne nake ce masa.

Dajin da su Baba suka sani ya daɗe da fita hannunmu. Wani ɓangare an nome shi, sauran kuma 'yan bindiga sun zauna a ciki, ba mai shiga sai wanda aka kai ba da son ransa ba. Abin da ya rage wa mafarauta shi ne saura da bakin rafi da gindin duwatsu, inda gada ita ce sarauniyar nama, ita ma sai an yi sa'a. Amma da dajin ya ƙanƙance, dokokinsa ba su ƙanƙance ba. A wajen tsofaffin, ba a tsallake baka ko bindiga in tana ajiye. Ba a shiga gaban Sarki a daji. Ba a taɓa dabba mai ciki. Duk abin da yaro ya kashe, cinya ta manya ce. Sannan babbar dokar, wadda Baba ke maimaitawa har a kan tuwo: kada ka harbi abin da ba ka ga kunnensa ba, in ciyawa ta motsa ka yi fito ko ka yi magana tukuna.

Samarin kuma suna da nasu. Su ne ke kwana tsaron gari, in ji su, tsofaffi na gida suna minshari, amma da an kashe zomo sai ka ga tsoho ya miƙo hannu. Ni ke ɗinka musu rigunan farauta, masu aljihu ko'ina har a kafaɗa, ban san me ake zubawa a ciki ba tun da naman ba ya cika ko aljihu ɗaya. Karnukansu ba su san tafiyar ƙasa ba, a kan tankin babur suke zama kamar amare. In Allah ya ba su zomo guda, sai kowa ya riƙe shi bi da bi a ɗauke shi hoto da waya, har zomon ya fi yawancin mutanen garinmu suna.

Wata rana da hantsi auta ya dawo daga daji da zomo rataye a kan babur. Ya zo daidai bencin, su Baba na zaune, sai ya danna hon, ya ɗaga hannu, ya wuce. Tsofaffin suka bi shi da kallo. Da yamma muna tsakar gida Baba ya ce da shi, "Ɗazu wani yaro ya wuce mu bisa babur, ya yi muna hon kamar awaki. Ko ka san ɗan wane ne?"

"Baba, sauri nike, kada naman ya lalace."

"Nama? Wanga zomon da in an feɗe shi bai rufe tafin hannu? To ina cinyar manya?"

"Haba Baba, cinyar zomo?"

"Ko ta fara ce," in ji Baba, "ka sauka, ka durƙusa, ka miƙa. In mun ga dama mu ce ka riƙe."

Auta ya ce to. Daga ranar kuwa ya gyara: ya daina bi ta gaban shagona, ya koma zagayawa ta bayan masallaci.

Cikin tsofaffin babu wanda ya kai aminin Baba zafi a kan samari. Mutumin wajen Ketare ne, don haka Baban Ketare muke ce masa. Dogo ne siriri, layu da guraye sun fi shi nauyi. Tun suna samari suke shiga daji tare da Baba. Yana da labarin wata ɓauna da ya kashe a dajin Sabuwa, wadda tun ina yaro nake jin labarinta, kuma kowace shekara sai ta ƙara girma, ga shi ta daɗe da mutuwa. Babur a wajensa abin hawan wanda ƙafarsa ta mutu ne. Gafiya kuwa abincin yara ce, maharbin da ya san kansa ba ya tona rami. Amma abin da aka fi saninsa da shi, daga Ƙanƙara har Faskari, shi ne ƙarfe ba ya shigarsa. Wuƙa, kibiya, harsashi, duk ya sha maganinsu. Sau ɗaya ina gwada masa riga allurata ta soke shi a kafaɗa, ya yi tsalle ya ce wash. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce allurar tela ba ta cikin lissafi, maganin na ƙarfen faɗa ne.

Bayan an gama kwashe amfanin gona a shekarar da nake ba da labari, aka buga gangi, gangar maharba, aka sa ranar babbar farauta. Mutanen Ketare suka zo, na Mabai suka zo, har da 'yan wajen Sabuwa da Maguzawan da suka saba fita da su Baba. Irin wannan ranar ba ni da mafita, dole in rufe shago in ɗauki gora, don kada a ce ɗan Sarkin Baka na gida yana ɗinka zanin mata. Da safe aka taru a bakin rafi. Baba ya tsaya ya jero dokoki ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi na gyaɗa kai kamar yau suka fara ji, samari na duba waya. Da ya gama ya jawo ni gefe ya ce in riƙa bin auta, in sa masa ido. Wato ni da ban taɓa kashe ko ƙadangare ba, ni zan lura da mai bindiga.

Aka ja layi, manya a tsakiya, samari a gefe da gefe, aka shiga saura. Har rana ta take, abin da wannan runduna ta samu shi ne 'yan fakaru, da damo, da zomaye da ba su kai a raba wa karnuka ba. A kan zomo ɗaya ma sai da aka kusa fasa kawuna, wani saurayin Mabai ya riƙe ƙafar baya, wani namu ya riƙe kunne, kowa na kirari yana kiran kakanninsa, har Baba ya zo ya karɓe ya ba wanda karensa ya fara kamawa. Zafi ya yi zafi. Layin ya wargaje, kowa na bin inuwa yana cewa sawu yake bi.

Ni da auta muka ɓullo ta bayan wani ɗan tudu mai sabara da yawa. Can gaba, da ɗan nisa, sai muka ga wani abu ja-ja, ƙasa-ƙasa, yana motsi cikin ganye. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma gada na ce a raina. Auta ya durƙusa ya ɗaga bindigarsa, irin harba-ka-rugan nan da ake ɗura wa albarushi da 'yan ƙwayoyin ƙarfe na ƙafar keke. Na ce masa a hankali, "Yi fito mana." Ya girgiza kai, ya nuna mini da leɓe. Saurayin nan na Mabai ne ke tahowa ta ɗaya gefen da tasa bindigar, in aka tsaya fito shi zai riga. Sai kawai ya danna.

Hayaƙi ya turnuƙe mu. Daga cikin sabarar muka ji an ce, "Wayyo Allah na!" Ni dai duk rashin sanin dajina na san gada ba ta salati.

Muka ruga. Baban Ketare ne, gurfane a kan gwiwoyinsa, hannunsa na dama cikin ramin gafiya har kafaɗa. Wandonsa na saƙi, wanda aka rina da jar ƙasa, ya yi ɗigo-ɗigon jini ta baya. Muna tsaye baki buɗe gafiyar ta fito ta wani ramin, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta tafi abinta. Auta ya yar da bindiga ya ɗora hannu a ka. Allah ya taimaka akwai nisa, albarushin kuma na arha ne, da ban san irin labarin da zan ba da yau ba.

Kafin ka ce me, an kewaye mu. Baba ya ratso mutane ya tsaya a kan amininsa. Ya dubi wandon, ya dubi bindigar da ke ƙasa tana hayaƙi, ya dubi auta. Sannan ya ce, "Malam, mi ya same ka?"

Baban Ketare ya zaro hannunsa daga ramin a hankali, ya kakkaɓe ƙasa. Ya dubi samarin da suka yi masa zobe, wasu har sun fara ciro waya. Ya ce, "Ƙaya."

"Ƙaya?"

"Ƙaya na ce, Sarki. Na zauna bisa ƙaya."

Kowa ya waiga. Sabara ce ko'ina, ko ƙayar da za a cire tsakin haƙori babu a wurin. Wani tsohon Bamaguje, wanda shi ma sa'ansu Baba ne, ya leƙa wandon da kyau, ya ce, "Lallai ƙayar bana akwai ƙara." Baba ya daka wa masu waya tsawa suka mayar aljihu. Ranar na ga amfanin aljihunan da nake ɗinka musu.

Aka ce a kira wanzami ya duba shi. Baban Ketare ya ce ko kusa, don wanzamin garinmu in ya ga abu da hantsi, kafin azahar an ji shi a kasuwar Sabuwa. Aka ce to ya tashi a taka a hankali. Ya yunƙura, ya koma. Ba ya iya tafiya, ba ya iya zama, kuma abin hawa ɗaya ne kusa, babur ɗin auta. Haka aka ɗauki mutumin da ya rantse ba zai mutu ya taɓa hawa babur ba, aka kifa shi a kai rub da ciki, a gicciye, kai na lilo ta nan ƙafafu ta can. Auta ya ja, ni na zauna a baya na riƙe shi ta ɗamara. Karen auta, da aka ƙwace wa wurin zama, ya biyo mu da gudu yana haki, ina jin ranar ya fara sanin nisan daji. Muna tafe tsohon na ba da umarni daga ƙasa: kada a bi ta cikin gari, a bi ta bayan gonaki, kai yaro rage gudu, kai yaro ba ka ga rami ba.

Muka kai shi wurin wani malamin lafiya da ke da ɗan shago a Mairuwa. Ya kwantar da shi a kan benci, ya wanke wurin, ya ɗauko hantsaki da kwanon silba. Ni na riƙe masa ƙafafu. Duk abin da malamin ya ciro sai ya saki a kwanon, ka ji ƙwal. Da ƙwal ɗin ta yi yawa sai ya ɗago ɗaya ya duba a haske, ya ce, "Baba, wace irin ƙaya ce wannan?"

Tsohon ya cire hular da ya cusa a baki, ya ce, "Ta dajin da ce. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba. Yi aikinka."

Duk dariyar da nake yi masa, wannan zan faɗa: tun wayyon farko bai sake ko nishi ba, gumi kawai ke zuba. Da na fito shan iska na tarar da auta tsugune a jikin bango yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutum mai mata da ɗa. Ya ce, "Yaya, na kashe aminin Baba." Na ce masa bai kashe kowa ba, ya tashi ya share fuska ya je ya nemo mota, don ba za a mayar da tsoho Ketare a kife ba.

Da tsohon ya ɗan ji sauƙi, Baba ya kira zama a ƙofar gidanmu. Maharbi ya harbi mutum a farauta, wannan ba abin da za a bari ya wuce ba ne, balle ɗan Sarki. Manya suka zauna a tabarma, samari suka tsaya a baya. Baban Ketare ya zo da sanda. Aka shimfiɗa masa buzu, ya ce a'a, maharbi a tsaye ya fi jin magana. Ya jingina da bango.

Baba ya buɗe da addu'a, ya ce duk wanda ke da abin faɗa game da ranar farauta ya faɗa. Auta ya fito ya durƙusa, irin durƙuson da aka shekara ana roƙonsa ya yi. Ya ce, "Ni na yi laifi. Na ga motsi, ban yi fito ba, ban ga kunne ba, na harba. Na sami Baban Ketare. Ina roƙon ya gafarta mini, duk hukuncin da aka yanke na ɗauka."

Ni har na ji hawaye na neman zo mini. Sai na ji sanda ta daki ƙasa.

"Ka sami wa?" in ji Baban Ketare. "Ni? Kai? Da wanga bututun naka? Sarki, ka ji ɗanka! Yaro ya tsaya gaban jama'a shina cewa ya harbe ni ƙarfe ya shiga! Ni da ɓauna ta ɗauka bisa ƙaho ta yar, ban yi ko ƙwarzane ba!"

"Baba, wallahi ni..."

"Rufe mini baki! Maƙaryaci! So kake ka yi suna da ni?"

Wani saurayi daga baya ya ce, "Amma Baba, duk mun ga jini." Tsofaffi suka juya gaba ɗaya kamar an ja su da zare. Ɗaya ya ce, "To, ƙaya ba ta fid da jini a garinku?" Wani ya ce wannan shi ne rashin kunyar da ake faɗa, babba na magana yaro na kawo shaida. Samari suka fara gunaguni. Auta na durƙushe yana duban wannan yana duban wancan. Ya zo neman gafara kan harbi, ga shi ana tuhumarsa da fahariya.

Baba ya bari hayaniyar ta lafa. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Mun ji. Malam ya ce ƙaya ce, kuma shi ke da jikinshi. Saboda haka yaron ga ya yi wa babba ƙage gaban mutane. Hukuncinshi, bindigarshi za ta kwana ɗakina har kaka mai zuwa. Babu shi babu farauta. Sannan daminar bana gonar Malam shi zai nome ta, tun daga shara har girbi, tun da ƙayar ta hana shi duƙawa."

Tsofaffi suka ce Sarki ya yi adalci. Baban Ketare ya gyaɗa kai, ya ce ya yafe, amma yaro ya kiyayi ƙarya. Samarin suka watse suna ce wa juna wannan wace irin shari'a ce, mutum ya faɗi gaskiya a hukunta shi kan ƙarya. Babu wanda ya lura a cikinsu cewa hukuncin da ake yi wa wanda ya harbi mutum ke nan tun zamanin kakanninmu, ko ɗigo Baba bai rage ba.

Da muka shiga gida auta ya ce, "Baba, ka san fa gaskiya na faɗa."

"Na sani," in ji Baba. "Da ka ɓoye, da yau ba ka kwana gidan ga ba." Ya ɗauki bindigar ya juya ta a hannunsa. "Da yaro ne mai kiwon awaki cikin sabarar nan fa? Da fuskarshi ce ta juyo wajenka? Don wani zai riga ka gada." Ya shige ɗaki da ita. Auta bai ci tuwo ba ranar.

Ba a daɗe ba Baban Ketare ya zo shagona da kansa, ya zaɓi lokacin da bencin ba kowa. Ya ciro wandon daga jaka, an wanke shi tas, ya ajiye mini a kan keke. Na ɗaga shi sama, hasken rana ya ratso ta bayansa kamar rariya. Na ce, "Baba, wanga ai sai faci babba."

"Yi mishi. Saƙin da ne, babu irinshi yanzu." Ya ɗan leƙa waje, ya rage murya. "Kai kana wurin. Mi ka gani?"

"Na ga sabara, Baba."

"Madalla. Ashe Sarki ya haifi mai hankali guda." Wannan ne yabo mafi girma da wani maharbi ya taɓa yi mini.

Damina ta sauka, auta ya fara zirga-zirgar Ketare. Tsohon ya kafa masa doka, babur ba ya shiga gonarsa, sai ya ajiye shi a bakin hanya ya ƙarasa da ƙafa. Yana noma, tsohon na tsaye a inuwa yana gaya masa bai iya riƙon fartanya ba. Da farko kullum auta ya dawo sai ya tsaya shagona ya sauke mini takaici. Daga baya takaicin ya ragu, ya fara zuwa da wasu labarai. Yau tsohon ya nuna masa yadda ake gane sawun gada mai ciki. Gobe ya koya masa bin iska, da kukan tsuntsun da ke nuna akwai maciji kusa. Ashe ƙarƙashin layun nan da ɓaunar nan akwai maharbi na gaske, sai dai ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi tsawon damina ya tono shi.

Matsalar ita ce da ciwon ya warke, labarin ya fara canja kama. A bencina, da kunnena, na ji Baban Ketare na gaya wa baƙi cewa an taɓa sakar masa bindiga daf da daf a farauta, ƙarafan suka huda wando suka tsaya a fata suka zube, ga facin nan in ana musu. Ya juya ya nuna aikina. Ƙayar ta ɓace daga labarin, malamin lafiya da kwanonsa ma haka. Waɗanda suka ga jini suka yi dariya, amma ƙananan samarin da ba su je farautar ba, waɗanda suka fara shiga tsaron gari, sai suka fara bin hanyar Ketare suna neman a ba su abin da ya sha.

Auta ne ya gaya wa Baba. Washegari da hantsi Baba ya riga kowa zuwa bencin, ya jira amininsa. Da ya iso Baba ya sallami sauran tsofaffin da wata dabara. Ni dai na rage taka keke.

"Malam, na rufa maka asiri gaban jama'a, ko ban rufa ba?"

"Wane asiri, Sarki?"

"Bar wannan, mu biyu ne. Tela ba ya ji." Baba ya matso. "Yaran ga da ke zuwa wurinka, ba bindigar toka za su tara ba. Ka san abin da mutanen daji ke riƙe da shi. In yaro ya sha garin maganinka ya miƙe tsaye inda ya kamata shi kwanta, kai za ka je ka gaya wa uwarshi ƙaya ce?"

Baban Ketare ya jingina sandarsa da benci. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. "To mi zan ba su, Sarki? Daji ya ƙare. In ban da wanga, wa zai tako ƙofar gidana?"

"Ɗana ya tako, kuma ba gari ka ba shi ba."

Tsohon ya tashi ya kama hanya ba sallama. Sai da aka yi kasuwa da yawa ba a gan shi a bencin ba, Baba kuma ya rage cin abinci, yana cewa zafi ne. Amma mun ji labari duk saurayin da ya je neman maganin ƙarfe, tsohon kan ce masa ba a ba yaro sai ya yi furfura, ya kora shi gona ya taya auta ciyawa. Da aka yanke dawa ya dawo bencin kamar jiya ya tashi, ya ce wa Baba ya rame, Baba ya ce shi ma haka. Suka ci gaba da zagin samari daga inda suka tsaya.

Da kaka ta yi Baba ya fito da bindigar ya miƙa wa auta a tsakar gida. Auta ya karɓa hannu biyu, ya leƙa bakinta, ya ga zanzaro ya gina ɗaki a ciki, tsatsa kuma ta ci kunamar da ake dannawa. Ya ce, "Baba, ko ɗan mai ba ka shafa mata ba?" Baba ya ce shi an ba shi ajiya ne, ba reno ba. Auta ya samo tsumma da man gyaɗa da wata doguwar waya ya zauna gindin rumbu yana sharewa. Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya wuni yana gaya masa ba haka ake yi ba.